Masifa da musiba: kalma ɗaya ce ko biyu, kuma daga ina ta zo?

Malamar Hausa ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare ta 'yan mata, amma tambayar da na kawo ta taso ne daga wani gyara da aka yi mini a gida, ba a aji ba. A makon jiya na rubuta saƙon ta'aziyya ga wata abokiyar aikina da mahaifiyarta ta rasu, na ce ina taya ta jimamin wannan masifa da ta same su. Kafin in aika sai na karanta wa mahaifina, wanda ya daɗe a karatun zaure, shi kuwa ya ce in goge kalmar nan take, domin ba a kiran mutuwar Musulmi masifa. Ya ce in har dole sai na ambaci abin da sunansa, to in ce musiba, in kuwa ina son maganar ta yi taushi sai in ce rashi kawai. Na bi umarninsa ban yi musu ba, sai dai abin ya tsaya mini a rai, saboda tun ina ƙarama na ɗauka bambancin kalmomin nan biyu na lafazi ne kurum, kamar yadda wani zai ce aljihu wani ya ce aljifu.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne yadda ɗalibaina ke amfani da kalmar. Idan na yi musu faɗa sai su ce Malama ta yi masifa, idan kuma suka ga atamfar da ta burge su sai su ce tana da masifar kyau, alhali babu wanda ya mutu, babu gidan da ya ƙone. Ina roƙon masana su warware mini: shin masifa da musiba asalinsu ɗaya ne? Mece ce ma'anarsu ta farko? Kuma ta yaya kalmar da ke nufin mummunan abu ta koma kalmar yabon atamfa?

Almajirin Zaure ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, kunnensa ya ji daidai, ke ma kuma zatonki bai faɗi ƙasa ba. Zan taɓa ɓangaren Larabci, in bar wa masana Hausa nasu.

Kalmar Larabci ita ce musiba, kuma tushenta haruffa uku ne: sadi, wawu da ba. Daga nan aka sami aikatau asaba, wanda ma'anarsa ta farko ita ce kibiya ta sami abin da aka auna. Musiba kuwa siffar mai aikatawa ce ta mace, wato “mai samu”, abar da ta taho ta sami mutum ba ta kuskure shi ba. Ragib al-Isfahani, a littafinsa na kalmomin Alƙur'ani, ya bayyana cewa asalin kalmar a harbi yake, daga baya ne aka keɓe ta ga abin baƙin ciki da ke sauko wa mutum. Saboda haka duk lokacin da Bahaushe ya ce “abin da ya same mu”, ya fassara kalmar daidai ko da bai san Larabci ba, domin aikatau ɗin da muke yi wa harbi, mu ce harsashi ya same shi, shi ne muke yi wa musiba.

A aya ta 156 ta Suratul Baƙara kalmomin biyu sun zo a jere, “iza asabat'hum musibatun”, wato idan mai samu ta same su, sai su ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A aya ta 106 ta Suratul Ma'ida kuma an ce “musibatul maut”, musibar mutuwa, kuma ina kyautata zaton wannan ce hujjar Baba ko da bai ambata miki ba: Alƙur'ani da kansa ya kira mutuwa musiba, don haka babu laifi a faɗin haka. Addu'ar da Ummu Salama ta ruwaito a Sahihu Muslim, wadda ake karantawa idan an yi rashi, ita ma da wannan kalma ta zo: Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne tushen kansa ba na sharri ba ne. A aya ta 79 ta Suratun Nisa'i an yi amfani da asaba ga alheri da kuma sharri a wuri ɗaya, abin da ya same ka na kyau da abin da ya same ka na muni. Daga wannan tushe ne aka sami sawab, wato dacewa da gaskiya, shi ya sa malamai ke rufe fatawa da cewa wallahu a'alamu bis sawab, kuma a hadisin alƙalin da ya yi ijtihadi ya dace yana da lada biyu, kalmar da aka yi amfani da ita wajen dacewar ita ce asaba. Haka nan ruwan sama mai zubowa ana ce masa sayyib, kamar yadda ya zo a aya ta 19 ta Baƙara da kuma addu'ar saukar ruwa, Allahumma sayyiban nafi'an. Kibiya ta sami barewa, ruwa ya sami gona, amsa ta sami gaskiya, ƙaddara ta sami bawa. Abin da ya haɗa su duka shi ne rashin kuskure. A ganina wannan ne ya sa kalmar take da sanyi a kunnen mai karatu, domin a cikinta akwai cewa abin aunowa aka yi, ba da ka ya faɗo ba.

Ɗalibin Ilimin Harshe ya amsa:

Allah gafarta Malam, ka share mana hanya. Malama, amsar tambayarki ta farko ita ce kalma ɗaya ce ta shigo Hausa sau biyu, ta ƙofofi biyu, a lokuta biyu.

Kalmomin Larabci da ke cikin Hausa ba rana ɗaya suka iso ba. Joseph Greenberg, masanin harsuna, wanda ya yi bincike a ƙasar Kano kafin yaƙin duniya na biyu, ya rubuta maƙala a 1947 inda ya kasa su kashi biyu: tsofaffi waɗanda suka shigo ta baki, ta hanyar cuɗanya da fatauci, suka sauya kama sosai, da kuma na baya waɗanda suka shigo ta hannun malamai masu karanta littattafai, suka zauna kusa da yadda ake rubuta su. Wannan ne ya sa muke da tagwayen kalmomi da dama waɗanda ba kowa ke gane 'yan gida ɗaya ba ne. Lissafi da hisabi duka daga hisab suke, na farkon ya haɗiye “al” ɗin Larabci ya shiga kasuwa, na biyun ya tsaya a wa'azi yana jiran ranar alƙiyama. Laifi da aibi duka daga aib suke. Ladabi da adabi duka daga adab suke, kuma ke da kike koyar da adabin Hausa ga yaran da kike nema wa ladabi kin fi kowa sanin cewa yanzu aikinsu ya rabu. Littafi daga alkitab yake, amma idan malami zai ambaci Yahudu da Nasara sai ya ce ahlul kitabi.

Ki duba lissafi, laifi, littafi da aljifu, wanda ya fito daga aljaib, za ki ga duka “b” ta Larabci ta koma “f”. Wannan sauyi ba abin mamaki ba ne ga wanda ya saurari yadda Bahaushe ke furta “f”, domin yawancinmu da leɓɓa biyu muke yin ta, a wurin da ake yin “b”, ba da haƙori da leɓe ba kamar Balarabe ko Bature. Sauyin “mu” zuwa “ma” kuwa muna da shi a malam, daga mu'allim, da Mamman, daga Muhammad. Idan aka haɗa biyun, musiba ta zama masifa.

Babbar shaidar cewa masifa ta daɗe a gida ita ce ta haihu. Muna da masifaffe, masifaffiya, masifaffu, a kan tsarin da ya ba mu fitinanne daga fitina, jarababbe daga jaraba, wahalalle daga wahala. Musiba kuwa ban taɓa jin an gina mata irin wannan siffa ba, tana nan yadda ta zo, da rawaninta.

Game da atamfa kuwa, matakan a bayyane suke idan aka bi su a hankali. Da farko masifa abu ce da ke auka wa mutum. Daga nan sai aka kira mutumin da zama da shi ya zama azaba da sunan, aka ce wane masifa ne. Daga mutumin sai sunan ya koma kan abin da ke fita daga bakinsa, aka ce ta zazzaga masa masifa. A mataki na ƙarshe sai aka zubar da munin aka riƙe tsananin kawai, masifar kyau ta zama kyan da ya wuce misali. Hausa ta saba da wannan: muna cewa mugun daɗi, bala'in tsada, azabar wayo, taurin kan tsiya. Kalmar da ta yi irin wannan yawo ba za ta koma zauren makoki da mutuncinta cikakke ba, kuma abin da kunnen Baba ya ƙi ke nan.

Ɗan Maraɗi ya amsa:

Gaisuwa ga malamai. Na amfana ƙwarai, amma ina da ɗan ja da ɗan'uwana Ɗalibin Ilimin Harshe, ba a kan hukuncin ba, a kan hujjar. Misalan nan huɗu da ya kawo, kitab, hisab, aib da jaib, dukansu “b” ɗin a ƙarshen kalma take a Larabci, inda sauti ke saurin raunana idan an tsaya a kansa, sannan Hausa ta ƙara wasalinta daga baya. A musiba kuwa “b” tana tsakanin wasula biyu, kuma a irin wannan wuri sau da yawa ba ta motsi, kamar a annabi da labari. Hatta a ƙarshen kalma ba kullum take sauyawa ba, ga ladabi nan a cikin misalansa. Don haka kada ɗalibai su ɗauka doka ce mai aiki ko'ina. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne matakin tsakiya yana nan da rai: maƙwabtanmu Zabarmawa masiba suke cewa, da “ma” a farko da “b” ɗinta, kuma na sha jin Hausawa ma suna faɗin haka. Idan ka jera musiba, masiba, masifa, ba ka bukatar dogon bayani.

A wajenmu ma tafiyar ba ta tsaya nan ba. Mu da muke cewa lahiya, littahi da laihi, kuma muke cewa hwara a maimakon fara, masihwa ke fita daga bakin tsofaffinmu, wadda in Balarabe ya ji ba zai taɓa gane kayansa ba.

Tun da ana maganar, bari in sako wahala, domin mutane na haɗa ta da masifa kamar abu ɗaya ne. Ana danganta ta da kalmomin Larabci biyu da suka bambanta a harafin tsakiya: ɗaya da ha mai sauƙi, tana nufin firgita, ɗaya da ha ta maƙogwaro, daga kalmar taɓo, tana nufin maƙalewa a cikin caɓi, kuma Larabawan Magrib, wato arewa maso yammacin Afirka, suna amfani da ita ga shiga halin da babu mafita. Hausa ba ta raba haruffan nan biyu, duka “h” take mayar da su. Ni dai na fi karkata ga ta taɓon, saboda duk wanda ya taɓa tura amalanke a damina ya san cewa wahala ba firgita ba ce, abu ne da ake daɗewa a ciki. Aikatau ɗin ma ya nuna haka: wahala shan ta ake yi, kamar wuya, kuma mutum na iya zaɓar ta da kansa don neman abinci ko karatu, masifa kuwa aukowa take yi. Wahala ce kuma ta fi sauran nisan tafiya, domin ta shiga Yarabanci da Turancin buroka har ta zama kalmar kowa a Legas da Fatakwal.

Tsohon Mai Fassara ya amsa:

'Yata Malama, na yi shekaru ina fassara labarai a gidan rediyo kafin in yi ritaya, kuma wannan zaɓe da Babanki ya sa ki yi, mu kullum sai mun yi shi kafin a kunna makirfo. Ba zan ƙara kome a kan asali ba, malamai sun gama. Zan faɗi yadda kalmomin ke zama a kunnen mai sauraro.

Idan ambaliya ta ci gari, kamar yadda ta faru a Maiduguri a watan Satumba na 2024 lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kalmar da za ki fi ji a labarai ita ce iftila'i ko ibtila'i. Ga wani “b” da ke komawa “f” a gaban idonmu, ɗan'uwana na Maraɗi, ko da yake wannan “t” ɗin da ke biye ne ya ja shi. Dalilin da ya sa muke gudu zuwa wannan kalma shi ne ba ta ɗora wa kowa laifi. Tushenta ɗaya da bala'i, kuma ma'anar tushen ita ce gwaji, kamar yadda aya ta 35 ta Suratul Anbiya'i ta ce ana jarraba mutane da sharri da alheri. Amma ki lura da yadda Hausa ta raba su: iftila'i jarrabawa ce da ke iya samun mutumin kirki, bala'i kuwa a kunnen Bahaushe yana ɗauke da ƙamshin fushin Ubangiji, shi ya sa in kika ce bala'i ya sauka a wani gari, mutanen garin za su ji kamar kin ce su suka jawo. Masifa tana kusa da bala'i a wannan fuska. Muna cewa ya jawo wa kansa masifa, muna cewa neman masifa, muna cewa kada ka ɗebo mana masifa, duka da hannun mutum a ciki. Mutuwar tsohuwa a kan gadonta, bayan ta ga jikoki, ba ta shiga wannan layi ko kaɗan.

Akwai kuma kalmarmu ta gida wadda ba a ambata ba, wato tsautsayi, kuma ita ce a ganina ta fi kusa da hoton kibiyar nan da Malam ya kawo. Tsautsayi shi ne ka fita sayen goro a daidai lokacin da motar da birkinta ya tsinke za ta wuce, shi ya sa ake cewa ba ya wuce ranarsa. Sai dai shi na mutum ɗaya ne ko 'yan kaɗan, kuma na farat ɗaya. Ba a kiran fari ko yunwa tsautsayi. Cuta mai yaɗuwa kuwa tana da nata suna, annoba, wanda kowa ya haddace a 2020.

Wani abu da matasa ke ruɗewa a kai shi ne kowane irin abu da gaisuwarsa. Wanda aka yi wa rasuwa ta'aziyya ake yi masa, a ce ya haƙuri, Allah ya jiƙan rai. Wanda gobara ta cinye wa shago ko ɓarayi suka shiga wa jaje ake yi masa, a ce Allah ya mayar da alheri, Allah ya kiyaye gaba. Wanda ya fita daga hatsari da ransa kuwa barka da arziki ake yi masa. A cikin ukun nan babu inda mai gaisuwa ke buɗe baki ya kira abin masifa a gaban wanda abin ya shafa, ko da kuwa a hanyar komawa gida zai faɗa wa abokin tafiyarsa haka. Ko musibar ma, da Alƙur'ani ya halatta, an fi barin ta ga liman a lokacin addu'a. Ni da kika kawo mini takardar, rashi zan ce ki rubuta.

Malamar Hausa ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na karanta wa Baba amsoshin bayan sallar isha'i. Ayar Ma'ida kuwa ita ce a ransa, kamar yadda Malam ya zata, har ya ƙarasa ta da ka kafin in kai ƙarshen layin. Abin da bai yarda da shi da farko ba shi ne lissafi da hisabi, sai da ya yi ta maimaita alhisab a hankali yana sauraren kansa, sannan ya yi shiru, wanda a wajensa amincewa ke nan.

Ranar Litinin zan rubuta tagwayen nan a allo, masifa da musiba, lissafi da hisabi, laifi da aibi, ladabi da adabi, in sa kowace ɗaliba ta gina jimla biyu da za su nuna inda ɗaya ke shiga ɗaya ba ta shiga, tare da gargaɗin da ɗan'uwa na Maraɗi ya yi cewa sauyin “b” ba doka ba ce. Saura abu ɗaya da nake so ya taimaka mini da shi kafin ranar, domin ina da ɗalibai biyu 'yan asalin Katsina da na san za su tambaya: idan tsofaffinku masihwa suke cewa, yaya suke kiran macen da mu muke ce wa masifaffiya?